Motar sarwis ko kuɗin mota: aljihun wa za a taɓa ranar da inji ya buga?

Idan aiki ya kai ka inda za a ce ka zaɓa, ko a ba ka motar ma'aikata ko a riƙa ƙara maka wani abu a kan albashi duk wata ka nemi taka, yawancin waɗanda za ka yi shawara da su a Yamai kuɗin za su ce ka karɓa. Hujjarsu ɗaya ce, kuma tana da ƙarfi: zanen aro ba ya rufe katara. Ranar da aiki ya ƙare sai ka miƙa makulli ka fito bakin titi kana ɗaga wa taksi hannu, shi kuwa wanda ya karɓi kuɗi yana da abin da zai tuƙa zuwa gida. Ni dai a ganina wannan hujjar ta ci mutane da yawa, domin tana sa mutum ya zuba wa ranar ƙarshe ido ya manta da dukan watannin da ke tsakani. Tambayar da ya kamata a fara da ita ita ce: ranar da inji ya buga tsakanin Dogon Dutsi da Ƙonni, aljihun wa za a taɓa?

Kafin a je can, ka tabbatar da irin motar da ake nufi, don iri biyu ce kuma a baki ana cakuɗa su. Akwai motar sarwis zalla. Da safe ka tarar da ita a buro, da yamma ka mayar, makulli ya kwana wurin mai kula da motoci, kowace fita a rubuta ta a littafi, in za a wuce bakin gari sai da takardar misiyo. Akwai kuma motar muƙami, wadda takardu ke kira ta fonksiyo, ita ce ke kwana a ƙofar gidanka, ka kai yara lakwal da ita, ka je Juma'a da ita, wani wurin har lokacin konje tana hannunka. In ta farkon aka ɗora a sikeli ɗaya da kuɗin mota, to an rage maka zance, domin ko ka karɓe ta sai ka nemi abin da zai ɗauko ka daga Tallaje ko Harobanda zuwa Filato kowace safiya. Abin da zan faɗa nan gaba a kan ta biyun ne, wadda ke kwana a gida.

Sai kuɗin. Lambar da aka faɗa maka a baki ba ita za ta faɗo cikin asusunka ba. Kuɗin mota ƙayyadadde, wanda ake biya duk wata ko ka yi tafiya ko ba ka yi ba, mai haraji yakan ɗauke shi a matsayin wani yanki na albashi. Harajin albashi kuwa, ITS, hawa-hawa ne, daga kashi 1 cikin 100 har zuwa kashi 35. Wanda ya kai a yi masa tayin mota ba a matakin ƙasa yake ba, kuma kuɗin motar a saman albashinsa za su zauna, daidai inda yankan ya fi zurfi. In albashin bai kai jikka 500 ba, inda CNSS, hukumar fanshon ma'aikata, ke tsayar da lissafinta, ita ma tana iya cire nata. Motar muƙami ita ma ba ta tsira ba, doka tana lissafa ta cikin amfanin da ma'aikaci ke samu ba da tsabar kuɗi ba, sai dai ƙimar da ake yi mata a takarda ba ta ko kusa da abin da take ci a zahiri. Kada ka tsaya kirdado a kan wannan. Ka je wurin mai lissafin albashi ka roƙe shi ya fitar maka da takardar albashi biyu ta gwaji, ɗaya da mota, ɗaya da kuɗi, ka dubi layin ƙarshe na kowace. A wurinsa aikin ƴan mintoci ne.

Yanzu mu ɗauki alƙalami. Lambobin nan na gwaji ne, kowa ya sa nasa a gurbinsu. A ce an yi maka tayin jikka 150 a wata, wato sefa 150,000, bayan haraji jikka 110 ta rage a hannu. Ka sayi mota ta hannu mai ɗan lafiya a kan miliyan 6, ka mora shekara 5, ka sayar a miliyan 3. Miliyan 3 ɗin da suka narke, in ka raba su wata 60, jikka 50 ke nan duk wata, kuma wannan ita ce asarar da ba wanda ke gani, don ba ranar da za ka zaro ta daga aljihu ka ba wani. Sai mai. A watan Yulin 2024 gwamnati ta rage litar esansi daga sefa 540 zuwa 499, gazuwal daga 668 zuwa 618, da wannan farashin zan yi lissafi. Mai yin kilomita 1,000 a wata cikin gari, da kilim a kunne da cunkoson gadar Kennedy safe da yamma, in motarsa na shan lita 10 a kilomita 100, lita 100 ke nan, jikka 50. Asiransi da binyat da bizit, mu ce jikka 120 a shekara, jikka 10 a wata. Bidanji, taya, batir, birki, gas ɗin kilim da ƙananan gyare-gyare, mu ce jikka 30 in an baje su a kan watanni. An tashi a jikka 140. A hannunka kuwa 110 ce. Ke nan, in an haɗa da tsufan motar, duk wata kana asarar jikka 30 daga dukiyarka a kan motar da kake tsammanin ma'aikata ce ke riƙe maka ita, kuma ba a yi haɗari ba, buwat, wato akwatin giya, ba ta lalace ba.

A nan ne wani zai ce, ai a ƙarshe motar tawa ce. Haka ne, amma mun riga mun lissafa ta. Miliyan 3 ɗin da za ka karɓa a hannun dillali ragowar miliyan 6 ɗinka ne, ba riba ba ce. Mutane da yawa sau biyu suke ƙirga wannan kuɗin, shi ya sa lissafin ke fito musu da daɗi.

Jikka 30 ɗin gyara ma na sassauta ne. Ƙasarmu ba ta raga wa mota. Zafin Afrilu da Mayu yana kashe batir tun kwanansa bai ƙare ba, yana ƙeƙasar da roba da taya. Ƙurar hunturu tana toshe filtar iska, shi ya sa makanikai ke cewa a yi bidanji duk kilomita 5,000 ko da littafin motar ya ba da fiye da haka. Da damina kuwa unguwannin da kwalta ba ta kai ba sai ka ga rami ya ɓuya cikin ruwa, amortisar da ƙafar mota su ji a jikinsu. Motar da ta yi shekara 12 ko 15 a Turai kafin ta iso nan, ba ta gaya maka ranar da za ta nemi miliyan ɗaya a dunƙule.

In ba ka da miliyan 6 ɗin a ajiye, sai banki, a nan kuma lissafin ya ƙara tsuke. Miliyan 6 a kan ruwan kashi 10 cikin 100, a biya cikin shekara 4, kusan jikka 152 ne duk wata, ruwan kaɗai ya haura miliyan 1 da jikka 300. Wato biyan bashin ya cinye kuɗin motar dukansa har da ɗori, tun ba ka zuba lita ɗaya ba. Wanda ke gudun kuɗin ruwa zai iya zuwa Bankin Musulunci na Nijar ya nemi murabaha, banki ya sayi motar ya sayar masa da ƙarin da aka yi yarjejeniya a kai tun farko, ya biya kaɗan-kaɗan. Wannan ya kwantar masa da hankali ta fuskar addini, amma ƙarshen wata yana nan da nauyinsa.

Wani abin da kuɗin mota ba ya yi shi ne bin farashi. An rubuta lambar a kontira, ta zauna. Ranar 1 ga Agustan 2022 aka wayi gari litar gazuwal ta tashi daga sefa 538 zuwa 668. Mai motar muƙami ya kai bon ɗinsa gidan mai aka cika masa tanki kamar jiya. Mai karɓar kuɗi da ke shan lita 150 a wata, kusan jikka 20 ta fita daga aljihunsa, sai in mai gidansa ya ga dama ya ƙara masa. Haka da motocin kansu. Shekara da shekaru ta Kwatano ake shigo da su, a ƙetare gadar Malanbil zuwa Gaya. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da takunkumin da ya biyo baya aka rufe wannan hanyar, ko da Benin ta buɗe ɓangarenta Nijar ta bar nata a rufe, kaya suka koma bi ta Lome da Burkina cikin ayari da rakiyar soja. Hanya ta yi tsawo, jira ya yi yawa, duk wannan kuwa a kan mai saye yake ƙarewa, ko mota yake nema ko kayan gyara. Ruwa-ruwa, man sumoga na bakin titi da a da ake rage zafi da shi, tun da Najeriya ta cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ya daina araha, jama'a suka koma gidajen mai, matatar SORAZ ta Damagaram mai ganga 20,000 a rana ta kasa ƙosar da kowa, har aka yi dogayen layukan watan Maris na 2025. A irin wannan lokacin manyan ma'aikatu da yawa suna da gidan man da suka yi yarjejeniya da shi, wasu har da tankinsu. Kai mai motar kanka kana cikin layi da kowa.

Duk wannan zancen mutumin Yamai ne, wanda tafiyarsa daga gida zuwa buro ce. In aikinka a Tawa yake, ko daga Yamai ake tura ka can, to ni ban ga abin dogon nazari ba. Yamai zuwa Tawa kusan kilomita 550 ne, ta Doso, Dogon Dutsi da Ƙonni, a karkata arewa a Tsarnawa. Zuwa da dawowa 1,100, lita 110, kusan jikka 55. Tafiya ɗaya ta cinye rabin jikka 110 ɗin da ta rage maka a wata bayan haraji. Wannan kuma kwalta ce. Wanda aikinsa ke kai shi ƙauyukan Keita da Buza ya san duwatsun Adar da kwazazzabai da koramun da ke cika cikin sa'a guda da damina. Wanda ke nausawa Abalak ya san yadda hanyar yuraniyom ta Tawa zuwa Agadas da Arlit ta koma, wanda ke zuwa Cintabaradan ya san rairayi. Corolla ba ta wannan aikin, RAV4 ta hannu za ta yi shi na ɗan lokaci sannan ta fara kwana a garaji. Abin da ke yin sa Hilux ce ko Land Cruiser, ita kuwa ba kuɗin motar da aka saba ba ma'aikaci da zai saye ta ya riƙe ta. In kuma ta lalace, abin da ba a samu a Tawa ba sai a aika Ƙonni ko Sakkwato ko Yamai, mota na jingine, aiki na jiran ka, mai gida kuma zai tuna maka cewa duk wata ana biyan ka kuɗin mota.

Ga kuma maganar tsaro, wadda ba a son yi amma dole a yi. A arewacin jihar Tawa, wajajen Tiliya da Tasara, da yankuna da yawa na Tilaberi, an kafa dokar ta-ɓaci tun 2017, kuma kat-kat mai ƙarfi tana cikin abin da ƴan bindiga ke nema. In an ƙwace ta ma'aikata, Allah ya tsare rai, asarar dukiya tasu ce. In taka ce, kada ka dogara da asiransi ido rufe. Wanda doka ta wajabta, wanda kusan kowa ke yanka, ɓarnar da ka yi wa wani kaɗai yake biya, ko fitilar motarka ba ya gyarawa. Babban, wanda ya haɗa da sata da gobara da lalacewar motarka, yana da tsada, kamfanoni kuma galibi ba sa son yanka wa tsohuwar mota shi. Ko ka samu, dokar asiransi ta CIMA, wadda muke bi tare da wasu ƙasashen Afirka, ta cire asarar yaƙi da tarzoma daga wuyan kamfani sai in an rubuta akasin haka a yarjejeniya, don haka ka karanta abin da takardarka ta ce game da fashi da makami da hare-hare. Ka kuma tuna tun 2011 ƙa'idar ita ce sai an biya kuɗin asiransi kafin ya fara aiki. Ma'aikata tana da wanda aikinsa ke nan ya tuna ranar sabuntawa. Kai kuwa sai ranar da ɗan sanda ya tsayar da kai a shataletale, ko abin da ya fi haka muni.

Akwai wani lissafin da ba ya shiga takarda, kuma a wurina yana cikin manya. Motarka ta kanka ba taka kai kaɗai ba ce. Ta dangi ce, ta maƙwabta ce, ta abokan fada ce. Kawu zai kira da dare: “Ɗana, gobe akwai ɗaurin aure Madawa, ka aiko muna mota da sahe.” Me za ka ce? Za a kai amarya, za a raka gawa, matar maƙwabci na naƙuda da ƙarfe biyun dare, ƙanenka da ya samu parmi wancan watan yana son ya je ya dawo yanzun nan. Wasu daga ciki lada ne, ba mai hankalin da zai ƙi kai mai naƙuda asibiti. Amma mafi yawansu tanki cike suke fita, su dawo da jar fitila a kunne da wani sabon ƙara a ƙafar gaba da ba wanda ya san inda ya samo asali. In motar ma'aikata ce, amsarka a shirye take, kuma ba ƙarya ka yi ba: “Wallahi kawu, motar sarwis ce, an sa mata na'ura, in ta wuce bakin gari suna gani, aikina ne zai tafi. Bari in aiko da kuɗin mai a nemi wata.” Kawu zai yi ɗan gunaguni a kan ma'aikatar, ba a kanka ba, zumunci ya tsira, jikka 10 ta tsaya a madadin 60. Wanda bai taɓa riƙe mota a cikin babban gida ba zai ɗauka wasa nake.

Kuɗin ma haka. Da zarar sun shigo tare da albashi sun zama albashi. Watan Oktoba ya zo da kuɗin lakwal, azumi ya zo, ragon layya ya zo, buhun shinkafa ya ƙare. Ba wanda zai bar jikka 30 a asusu da sunan tayar da ba ta fashe ba tukuna alhali ana neman kuɗin magani. Sai ranar da tayoyi huɗu suka suɗe tare a fara neman rance. Wanda ya zaɓi kuɗi, in bai buɗe musu asusu daban da ba ya taɓawa ba, to ya san da gyaran bashi zai riƙe motar.

To, kada a ce na ɗauki ɓangare na rufe ido. Motar muƙami igiya ce. Tunda tana hannunka, kai ne za a kira ka biya filin jirgin Diori Hamani ka ɗauko baƙi, jiragen nan kuwa da yawansu tsakar dare suke sauka. In akwai tambari a ƙofa, duk inda ka tsaya gari ya sani, mai gida ma ya sani. Sau da yawa uwargida ba ta da izinin tuƙa ta, ke ma in ke ce ma'aikaciyar, maigidanki ba shi da shi, sai a wayi gari gida na buƙatar wata motar ko babur duk da haka. In ta lalace ba za ka kai ta wurin makanikinka ya duba yau ba, sai an nemo takardun farashi daga garaji biyu ko uku, a sa hannu nan a sa hannu can, mota ta yi mako biyu saboda abin jikka 15. In ka yi haɗari da ita ranar Lahadi a hanyar da ba a ba ka izini ba, za ka yi bayani har ka gaji, wataƙila a cire a albashi. Sabon darakta kuma yana iya zuwa ya ce an rage kashe kuɗi, a tattara motoci. Ba ka zaɓi launinta ba, ba ka zaɓi girmanta ba, kuma ba ka san ranar da za a karɓe ba.

Akwai mutum uku da zan ce su karɓi kuɗin ba tare da jinkiri ba. Na farko shi ne wanda ya riga yana da mota lafiyayya, ya gama biyan ta, kuma ko an ba shi ta ma'aikata ba zai sayar da tasa ba. Shi asiransi da binyat da tsufan mota dama yana ɗauke da su, abin da aiki zai ƙara masa mai ne da ɗan gyara, don haka mafi yawan jikka 110 ɗin nan ƙari ne na gaske. Wannan shi ne ya fi kowa cin ribar tsarin. Na biyu shi ne wanda gidansa ke kusa da aiki, ba ya fita gari, kuma ba ya jin kunyar shiga tsohuwar Corolla ta miliyan 3 alhali abokan muƙaminsa suna Prado. Kayan gyaranta ko'ina akwai, kowane makaniki ya san ta, mai kaɗan take sha, in ka tashi sayarwa ba ta kwana. Ka sake lissafin da ita za ka ga ya koma gefenka. Sai dai ka tambaya tukuna, wasu ma'aikatun suna sa sharaɗin irin mota da shekarunta. Na uku shi ne wanda ke da wata harka ta halal a gefe, gona a hanyar Kollo ko shago a kasuwa, wadda motar ma'aikata ba za ta je ba tare da an yi magana ba.

Wanda nake ji wa tsoro shi ne mai kontira ta shekara ɗaya ko biyu da zai ci bashin shekara huɗu. An ga yadda abin yake a 2025. A watan Janairu gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje, ayyukan da hukumar tallafinta ta USAID ke ɗaukar nauyi suka tsaya cak, a watan Fabrairu kuma hukumomin Nijar suka umarci ƙungiyar agaji ta CICR, wato Red Cross ta duniya, ta rufe ofisoshinta. Ma'aikacin da ke da motar muƙami ya rasa aiki da mota rana ɗaya, abin da zafi. Wanda ya ci bashi ya rasa aiki da kuɗin mota, banki kuwa bai rasa lambar wayarsa ba. Gaskiya ne yana da abin sayarwa, amma sayarwar gaggawa dillali ke cin ta, musamman lokacin da irinsa da yawa suka fito da nasu motocin kasuwa tare.

Amsar da za a ba masu zancen zanen aro kuwa tana hannun mai motar muƙami da kansa, in zai iya. A misalinmu, da ka karɓi kuɗi da kana asarar jikka 30 duk wata, ga miliyan 6 da za ka daskarar a cikin ƙarfe. Ka karɓi motar, ka ci gaba da cire wannan jikka 30 ko 50 ɗin kamar dole ce, ka zuba a adashe ko asusun da ba ka da katinsa. Jikka 50 a wata 60 miliyan 3 ne, daidai abin da mai motar kansa zai samu a hannun dillali, kai kuwa ba ka taɓa jarinka ba, wataƙila ma ya zama fili a bayan gari. Matsalar ita ce kaɗan ne ke yi. An fi ganin wanda ya shekara shida cikin sanyin kilim ɗin Prado bai ajiye ko dala ba, ranar da aka karɓe ta ko babur ba shi da shi, kuma irinsa ne ake ba da labari a fada har kowa ya tsorata da motar sarwis. Laifin ba na motar ba ne.

Ba dole ba ne ma zaɓin ya tsaya a kan biyu. In kuɗi ka karɓa, ka nemi a rubuta cewa na zirga-zirgar cikin gari ne kawai, duk misiyon da ya wuce bakin gari da motar ma'aikata za a yi, ko kuwa a biya ka a kan kowace kilomita, ban da peyaji. Wannan layin guda ya fi ƙarin jikka 20 amfani. Ka nemi a riƙa duba adadin in farashin mai ya motsa. In mota ka karɓa, a rubuta lita nawa ne a wata, wa ke da izinin tuƙi, ina ne iyakar tafiya, wa ke biyan abin da asiransi ya bari bayan haɗari, kuma ko za a ba ka wata in tana garaji. Ke mai shirin haihuwa, hutun doka mako 14 ne, ki tambaya tun yanzu ko motar ko kuɗin za su tsaya a hannunki cikin wannan lokacin, kada sai ciki ya tsufa a fara muhawara. Alkawarin baki na darakta yana tafiya tare da darakta, abin da ke cikin kontira shi sufeton aiki zai iya dubawa.

Sai abin da mutane ƙalilan ke tunawa su nema: haƙƙin sayen motar in lokacin sauya ta ya yi. Ma'aikatu da yawa suna sabunta motocinsu bayan wasu shekaru su sayar da tsofaffin, kai kuwa da ka tuƙa ta ka san kowane bidanji da aka yi mata da kowane ramin da ta faɗa, abin da mai saye a wurin dillali ba zai taɓa sani ba. In an yarda, a rubuta yadda za a yanke farashin. Ka kuma dubi lambarta da kart giriz ɗinta da kyau kafin ka yi murna. Motocin poroje da na ƙungiyoyin agaji da yawa an shigo da su ne da rangwamen duwan, ba a biya musu haraji ba. Ranar da za ta koma sunanka sai an biya duwan ɗin a kan ƙimar da jami'ai suka yi mata a lokacin, kuma a kan kat-kat wannan kuɗin ba ƙarami ba ne. Ka kai takardun wurin mai fitar da kaya a duwan ya lissafa maka tukuna, ka haɗa da farashin da ma'aikata ta yanke, sannan ka gwada da abin da irinta ke yi a kasuwa.